Waiwaye: Yadda mata suka riga maza suna a ƙwallon raga a Jami'ar Hawaii

A yawancin jami'o'in Amurka, ƙungiyoyin maza ne ke tara jama'a, na mata su biyo baya. A ƙwallon raga abin ya sha bamban, kuma babu inda hakan ya fi fitowa fili kamar Jami'ar Hawaii da ke Manoa, a birnin Honolulu.

Tushen maganar dokar nan ce ta 1972 da ake kira Title IX, wadda ta haramta nuna bambancin jinsi a duk makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya. Cikin waɗanda suka tsaya tsayin daka a kanta har da Patsy Mink, 'yar majalisa daga Hawaii, wadda makarantun koyon likitanci suka ƙi ɗauka tun tana budurwa. Bayan rasuwarta a 2002 aka sa wa dokar sunanta. A jami'ar kuwa, Donnis Thompson ce ta jagoranci sashen wasannin mata, kuma a 1974 ƙungiyar mata, Rainbow Wahine, ta fara buga gasa. "Wahine" na nufin mace a harshen tsibirin.

Shekara guda bayan haka aka damƙa ƙungiyar a hannun mai horarwa Dave Shoji, wanda ya riƙe ta fiye da shekara 40, ya kuma ci wasa sama da 1,200. Kofin ƙasa na farko ya zo a 1979, a ƙarƙashin AIAW, hukumar wasannin mata na jami'o'i a lokacin, domin NCAA, babbar hukumar wasannin jami'o'in Amurka, ba ta fara shirya wa mata gasa ba sai 1981. Suka ƙara a 1982 da 1983 da 1987. Jihar da ba ta da ƙungiya a manyan gasannin ƙwararru na Amurka sai ta rungumi 'ya'yanta mata. Ƙaramin zauren Klum ya kasa ɗaukar jama'a, har aka koma Stan Sheriff Center mai kujeru fiye da 10,000 a 1994.

Maza sun zo daga baya, kuma Shoji ɗin ne ya horas da su a farkon lamari. Sun kai wasan ƙarshe a 1996, jami'ar UCLA ta Los Angeles ta doke su. A 2002 suka ɗauki kofi, amma murna ta koma ciki: NCAA ta ƙwace shi saboda wani ɗan wasansu ya taɓa bugawa tare da ƙwararru a Girka. Sai a 2021 da 2022, ƙarƙashin Charlie Wade, suka ci wanda ya zauna a hannunsu.

Ana yawan ɗora wa Title IX laifin ƙarancin ƙungiyoyin maza. A ganina rabin gaskiya ce. Ƙwallon Amurka (American football) kaɗai ta shafe shekaru tana cinye guraben tallafin karatu 85 na maza a jami'a guda, don haka jami'a mai son daidaita lissafi sai ta matse ƙananan wasanni maimakon ta taɓa saniyar tatsarta. Shekaru da dama ƙungiyar ƙwallon ragar mata na da gurbi 12, ta maza kuwa huɗu da rabi ake yayyanka wa 'yan wasa. Shi ya sa a babban rukunin NCAA jami'o'i fiye da 300 ke da ƙungiyar mata, masu ƙungiyar maza ba su kai ko kusa ba, kuma Hawaii kan tsallaka har Turai neman 'yan wasa maza.