Muhallin labari

Muhallin labari shi ne wuri da lokacin da al'amuran ƙagaggen labari ke gudana, haɗe da yanayin zaman mutanen wurin: sana'arsu, addininsu da irin mulkin da ke kansu. Masu nazarin adabi kan duba shi tare da jigo, zubi da tsari, taurari da salo. Tatsuniya ba ta cika damuwa da shi ba, "wani gari" ko "bakin rafi" ya wadatar. Ƙagaggen labari kuwa yana so mai karatu ya yarda cewa wurin yana nan.

Hanya mafi sauƙi ta nuna muhalli ita ce ambaton sunan wuri. A cikin littattafan da suka fito daga gasar rubutun ƙagaggun labarai da Rupert East, wani Bature jami'in ilimi, ya shirya a Zariya a 1933, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya bi hanyar fataken bayi daga ƙasar Hausa, ya ƙetare Sahara.

Gwanaye sun fi dogara da ishara. Kuɗin da ke hannun tauraro kaɗai ya isa ya faɗi zamani ko ƙasa: in da kuɗin wuri yake ciniki, ana kafin mulkin Turawa ya kafu, in sule da fam ne, ba a kai 1973 ba, shekarar da naira ta shigo, in sefa ce, labarin ya tsallaka zuwa ƙasa irin Nijar. Haka yanayi: hazo, kaushi da tsagewar leɓe sun gaya wa mai karatu hunturu ne. Karin harshe ma na wannan aiki, domin wanda ya ce "shina zuwa" a maimakon "yana zuwa" ya nuna daga yammacin ƙasar Hausa yake, wajen Sakkwato.

Akwai kuma batun idon da ake kallo da shi. Baƙon da ya shiga kasuwar Kurmi a Kano zai lura da ƙuncin lunguna da ƙamshin kayan yaji, ɗan kasuwar kuwa farashi kawai yake gani. Wannan dabara, wadda ta fi sauran wuya, tana bayyana wuri da halin tauraro a lokaci guda.

Kurakurai biyu sun fi yawa. Ɗaya shi ne dogon siffantawa da ke tsayar da labari cak. Ɗayan kuwa saka abu a zamanin da babu shi, kamar a bai wa ɗalibar Kano ta 1995 wayar salula, alhali sai a 2001 ta fara yaɗuwa a Najeriya.