Satar shaida: sojan gona da sunanka

Kowa ya san sojan gona, mutumin da zai sa kaki alhali bai taɓa taka bariki ba, ya tsare hanya yana karɓar na goro. Abin da ake kira satar shaida ɗan'uwansa ne, sai dai a nan kakin da ɓarawon ke sawa shi ne sunanka. Yakan tattara abubuwan da banki da kamfanin waya ke gane ka da su, wato cikakken suna, ranar haihuwa, lambar BVN, lambar NIN da layin wayarka, sannan ya je musu a matsayin kai. Ya kwashe kuɗi, ko ya buɗe asusu, ko ya ci bashi, kai kuwa kana gida ba ka san wainar da ake toyawa ba.

Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar da BVN a Fabrairun 2014. Lambobi 11 ne da suka ɗaure duk asusun da kake da shi, ko a wane banki, da hoton yatsunka da fuskarka. NIN ma lambobi 11 ne, daga hukumar NIMC mai ba da shaidar ɗan ƙasa, kuma tun Disambar 2020 gwamnati ta wajabta haɗa ta da layin waya. Don toshe damfara aka yi su, sun kuma taimaka. Amma sun tara dukiyar mutum da sunansa a ɗaki ɗaya, makullin ɗakin kuwa shi ne ɗan sim ɗin nan da ba mu ɗauka da muhimmanci ba.

BVN kaɗai ba ta fitar da kuɗi. Abin da ɓarawo ke farauta shi ne layinka, domin ta nan banki ke turo OTP, lambar nan mai amfani sau ɗaya, ta nan kuma ake tura kuɗi da 'yan lambobi ko da ƙaramar waya ce. Shi ya sa mai ƙwacen waya sau da yawa sim ɗin ya fi damunsa. Wani ma ba sai ya taɓa wayarka ba: da bayananka zai je a yi masa walkam bak na layinka, wato a ba shi sabon sim mai lambarka, kamar kai ne ka yar da shi. Idan sabis ya ɗauke maka haka kawai, maƙwabcinka mai irin layinka kuma yana ta waya, kada ka jira gari ya waye.

Abin baƙin ciki, yawancin bayanan mu muke miƙa su da hannunmu. Wani zai kira da ladabi, "Ranka ya daɗe, daga banki ne, za a rufe asusunka, karanto mana lambar da ta shigo yanzu." Babu ma'aikacin banki da aikinsa ya ba shi damar tambayarka OTP ko lambar sirrin kati. Ga saƙonnin tallafi da ke yawo a WhatsApp, a ce ka cike fom da BVN. Ga masu bi unguwa suna sayen NIN a hannun matasa da 'yan kuɗin da ba su kai cefanen yini ba. Na fi jin tausayin iyayenmu mata, waɗanda ke ba yaro kati haɗe da lambar sirri a takarda ya je wurin mai POS.

Kuɗin da aka sace ana ganin alat ɗinsa nan take. Bashi shi ne mai kwanton ɓauna. Manhajojin ba da rance sun yi yawa, wasu kuma ba sa tsananta bincike kafin su saki kuɗi. Idan an ci da sunanka ba a biya ba, labarin kan isa kamfanonin da ke ajiye tarihin bashin jama'a, irin su CRC, FirstCentral da CreditRegistry. Ba za ka sani ba sai ranar da ka nemi rancen noma ko jarin shago aka ce sunanka ya ɓaci. Tun 2020 kuma akwai tsarin GSI, wanda ya ba banki damar cire bashin da aka ƙi biya daga sauran asusun da ke ɗaure da BVN ɗin mai bashin. Dokar rahoton bashi ta 2017 ta ba ka haƙƙin karɓar rahoton bashinka kyauta sau ɗaya a shekara, kuma a ganina duk mai BVN ya kamata ya riƙa dubawa, ko da bai taɓa cin bashin sisi ba.

Tun yau ka sa wa sim ɗinka lambar sirri, ban da ta buɗe waya, ka kuma haddace lambar da bankinka ya tanada don rufe asusu daga kowace waya. In abin ya faru, fara da rufe asusun, sannan ka je ofishin kamfanin layi da NIN ɗinka, ka kai rahoto wurin 'yan sanda, domin dokar laifukan intanet ta 2015 ta haramta wannan sojan gonar. Ka rubuta wa banki koke, ka riƙe kwafi mai hatimi. Idan mako biyu suka wuce ba a warware ba, sai ka kai maganar sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na Babban Banki.