Me ake nufi da bututun iskar asibiti?

A ɗakin tiyata, ko sashen kulawa ta musamman, ko ɗakin bakwaini, akwai wasu 'yan kafofi a jikin bango daidai saitin kan gado, kowace da launinta da rubutunta. A nan ma'aikaciyar jinya ke soka na'urar nan mai 'yar kwalbar ruwa, ta murɗa, ruwan ya kama ɓulɓuli, sannan ta sa wa mara lafiya roba a hanci. Masu jinya kan ce oksijin na bango, don su bambanta shi da na silinda. To, abin da ke ɓoye bayan bangon shi ne tsarin bututun iskar asibiti, wato hanyar da iskar magani ke bi daga inda ake ajiye ta ko sarrafa ta har zuwa bakin gado. Tsakaninsa da silinda kamar tsakanin gida mai famfo ne da gidan da ke jiran ɗan garuwa.

Ba oksijin kaɗai ake ja ba. Akwai tatacciyar iska da injin numfashi ke aiki da ita, akwai naitiros oksaid da ake haɗawa wajen sa barci a tiyata, akwai kuma layin zuƙa da ke janye majina da jini. Kowanne da bututunsa daban. A ƙa'idar ƙasa da ƙasa fari na oksijin ne, shuɗi na naitiros, rawaya na zuƙa, kuma an ƙera bakin kowace kafa yadda kan wata ba zai shige ta ba ko da an yi ƙarfi.

Tushen oksijin ɗin iri uku ne. Ko dai jerin manyan silinda ɓangare biyu, ɗaya na ƙarewa ɗayan ya karɓa da kansa. Ko babban tanki na oksijin da aka mayar ruwa, mai sanyin da ya kai digiri 183 ƙasa da sifili, wanda lita ɗaya daga cikinsa kan ba da sama da lita 800 na iska. Ko kuma injin da ke tace shi daga iskar da muke shaƙa, wadda oksijin ɗin cikinta kashi 21 ne cikin 100. Injin yana tura iska ta cikin wasu ƙwayoyin ma'adini da ke riƙe naitirojin, sai a samu oksijin mai kaifin kashi 90 zuwa 96. Wannan na ukun ya fi jan hankali a irin garinmu, tunda ba sai an jira mota daga nesa ba. Sai dai yana shan wuta dare da rana, kuma ƙurar hunturun Zariya ba ta raga wa matatar injin. In ba a canja matatar a kan lokaci ba, kaifin oksijin ɗin na raguwa a hankali, alhali kwalbar bakin gado tana ta ɓulɓulinta kamar lafiya lau. Shi ya sa ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta bututun iskar asibiti, wato ISO 7396-1, ta ce kada asibiti ya dogara da tushe ɗaya: sai da na aiki, da mai taya shi, da na ko-ta-kwana. A watan Afrilun 2021 a birnin Nashik na Indiya, tankin wani asibiti ya yi yoyo, iska ta yanke na ɗan lokaci, sama da mutum 20 suka rasu.

Wurin da na fi so a tsaya a kula shi ne aikin shimfiɗa bututun kansa, domin nan ne ake ganin ai kowane mai aikin famfo zai iya. Ba zai iya ba. Bututun jan ƙarfe ne na musamman, an wanke cikinsa daga duk wani maiƙo tun a masana'anta, an toshe bakinsa har ranar da za a yi aiki da shi. Yayin da ake liƙe gaɓoɓi da wuta, dole naitirojin ya riƙa ratsa cikinsa, in ba haka ba baƙin ɓawo zai fito a ciki, daga baya ya ɓanɓare ya bi iska zuwa injin numfashi. Gwanin walda a Sabon Gari na iya yin liƙin da ba ya yoyo ko kaɗan, amma in bai san wannan ba aikin ya ɓaci ta inda ido ba ya gani. Haka ma wurin da injin tace iskar ke jan iska: in aka kafa shi kusa da hayaƙin janareta, hayaƙin ne za a kai wa mara lafiya.

Sai ƙarfin iskar. A cikin silinda ya haura bar 130 (bar ma'aunin ƙarfin iska ne), amma ana sauke shi zuwa kamar bar 4 kafin ya shiga ɗakuna. A bakin kowane sashe akwai akwati mai makulli, don a iya rufe wa ɗaki ɗaya in gobara ta tashi ba tare da an yanke wa sauran ba, da ƙararrawa mai kuka in ƙarfi ya faɗi.

Mafi muni cikin kurakurai shi ne a haɗa layi da layin da ba nasa ba. A 2016, a asibitin Bankstown-Lidcombe da ke Sidni ta Ostireliya, kafar da aka rubuta wa oksijin ta fitar da naitiros. Jariri ɗaya ya rasu, wata jaririyar ta samu mummunar illa a ƙwaƙwalwa. Ba a dai yi gwajin da ya kamata ba. Don haka bayan kowane gyara, komai ƙanƙantarsa, sai an bi kafofin ɗaya bayan ɗaya da na'urar da ke tantance irin iskar da ke fita. Kuma babu injiniyan da zai rufe layi sai da izini a rubuce da sanin likita da shugabar ma'aikatan jinya na sashen. Gari irin Zariya, inda ake turo marasa lafiya zuwa asibitin koyarwa na Shika daga jihohi da dama, yana buƙatar mutanen da wannan ne kaɗai aikinsu, da kuɗin gyara a cikin kasafi kowace shekara, ba na sayen inji kawai ba.

Masu jinya ma suna da nasu rabon. Oksijin ba ya kama wuta da kansa, amma inda ya yi yawa, bargo da katifa kan ci wuta cikin ƙiftawar ido, maiƙo kuwa ya fi komai haɗari. Gobarar asibitin Ibn al-Khatib a Bagadaza, ita ma a Afrilun 2021, daga silinda ta tashi, ta ci rai 82. Saboda haka kada a shafa wa mai oksijin basilin a hanci ko leɓe don kaushin hunturu, kada a shigo da turaren wuta ko maganin sauro na kunnawa. In ruwan kwalbar ya daina motsi ko ƙararrawa ta yi kuka, kada a taɓa komai, a tashi a ce, "Sista, don Allah zo ki duba oksijin ɗin Baba."