Ƙwayar ciwon jiki tana cin hanjinku, mutanen Damagaram

Don Allah jama'a, ku daina haɗiyar ƙwayar ciwon jiki kullum ba likita ne ya rubuta muku ba, balle a ce ciki ba komai.

Da wuya mako ya wuce ba a kawo mana mutum yana riƙe da ciki ba: ɗan kabu-kabu, mai dako a Kasuwar Dole, magini, har iyayenmu mata masu ciwon gwiwa. Ka tambayi me yake sha, ya ce babu. Sai an matsa ɗan rakiya zai zaro ƙullin leda daga aljihunsa: diklofenak, ibuprofen, wani sa'in indometasin, na hannun mai talla, rana ta dafa su, ko kwali babu. Biyu da asuba tun bai sha koko ba, biyu da dare, wai maganin gajiya. Gajiya ciwo ce? Haba!

Wannan indometasin ɗin, shi masu bincike ke bai wa ɓeraye idan suna son hanjin ɓera ya yi gyambo don su yi nazari. Kuma abin ba ya tsayawa a gyambo. Hanjin da ya ji rauni motsinsa rikicewa yake yi, ya kasa tura abinci yadda ya saba. Abin da ake lalata cikin dabba da shi da gangan, kai kuɗinka kake sawa ka saya.

Na sani, Baba, jikin na ciwo, kuma ranar da ba a fita ba tukunya ba ta hawa wuta. Ban raina wahalarka ba. Amma ƙwayoyin nan suna rage abin da ke kare bangon ciki, su bar shi yana zubar jini a ɓoye. Masu haɗawa da tramol kuma, shi kasala yake sa wa hanji, bayan gida ya ƙi fita, sai ku koma neman maganin wankin ciki wurin mai tallar nan dai. Ina dalili?

To ku riƙe:
- Kada a haɗa iri biyu lokaci guda.
- Mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda, mai juna biyu, tsoho: ku tambayi ma'aikacin lafiya tukuna.
- Ciwon ya ƙi tafiya, a zo a duba.

Wanda ya ga bayan gidansa baƙi ƙirin kamar kwalta, ko ya yi aman jini, ko cikinsa ya kumbura ya yi tauri, kada a jira gari ya waye, a kai shi asibiti. Ku taho da ledar ƙwayoyin mu gani.