Laimar iska mai ja

Laimar iska mai ja, wadda masu wasan ke kira fawa kait, wani babban ƙyalle ne mai siffar fiffike da ake tashi da shi sama da dogayen igiyoyi, iska ta cika shi ya riƙa jan wanda ke riƙe da shi. Laimar wasan yara tashi kawai ake so ta yi. Wannan kuwa don ƙarfin janta aka ƙera ta, shi ya sa ake jan keke mai ƙafa uku da ita a bakin teku, ko allo mai tayoyi, ko allon sulu a kan ruwa da ƙanƙara.

Asali

A shekarar 1826 wani malamin makaranta a Biristol ta ƙasar Ingila, George Pocock, ya yi wa wani keken fasinja rajista wanda manyan laimomi ke ja maimakon dawaki. A 1903 Samuel Cody ya haye mashigin ruwan da ke tsakanin Faransa da Ingila a ƙaramin jirgin ruwa da laima ke ja. Amma siffar da aka sani yau ta fito ne daga Domina Jalbert, haifaffen Kanada mazaunin Amurka, wanda a 1964 ya nemi rajistar fiffike maras sanda ko ƙarfe, ƙyalle zalla. Daga baya 'yan'uwa biyu Faransawa, Bruno da Dominique Legaignoux, suka fito da mai bututun da ake hura wa iska a 1984, wadda ba ta nitsewa in ta faɗa ruwa. Peter Lynn na ƙasar Niyu Zilan shi ya yaɗa keken nan mai ƙafa uku tun daga 1990.

Yadda aka ƙera ta

Wadda ɗan koyo zai fara da ita a tudu shimfiɗa biyu ce ta nailan mai wuyar yagewa, sama da ƙasa, an raba tsakaninsu zuwa aljihuna masu buɗaɗɗen baki ta gaba. Iska na shiga aljihunan sai ƙyallen ya kumbura kamar katifa, ya zama fiffike. A ƙarƙashinsa akwai ragama, wato tarin siraran zaruruwa da ke haɗuwa su riƙe fiffiken a daidai karkatar da ake so. Daga ragamar ne dogayen igiyoyi ke saukowa, galibi mita 20 zuwa 25.

Akwai mai igiya biyu, akwai mai huɗu. Mai biyu sauƙi gare ta: ka ja dama ta yi dama, ka ja hagu ta yi hagu. Mai huɗu tana da ƙarin igiyoyi biyu da ke ɗaure a gefen baya, su ne birki. Da su ake rage gudu, a sauke ta a hankali, a kuma tashe ta ko da ta faɗi a kife. Wanda ke da niyyar hawa keke ko allo nan gaba, gara ya fara da mai huɗu tun farko.

Zaɓe da kuɗi

Hanyar samun araha ita ce a sayi ƙarama daga kamfanin da aka sani, irin su HQ, Peter Lynn, Ozone, Flexifoil ko Prism. Murabba'in mita 2 zuwa 3 ya ishi baligi, yaro kuma ƙasa da haka. Mafari da yawa kan raina wannan girman, su ga ai ba zai ja su ba, su ɗauko mai mita 5. Lissafin iska bai goyi bayansu ba: idan gudun iska ya ninka biyu, ƙarfin ja kan ninka huɗu. Laimar da ke lilo a hankali da hantsi tana iya jan ƙato a kan ciki da la'asar. Ƙaramar kuma ba ta zama asara in an ƙware, domin ita ake ɗaukowa ranar da iska ta yi ƙarfi.

Marasa suna da ake sayarwa da arha a intanet, matsalarsu ba ta cika zama a ƙyallen ba. Tana igiyoyi da ragama. Igiya mai kyau ta zaren Dyneema ce, wanda kusan ba ya miƙewa. Ta banza kan miƙe, ɗaya ta fi ɗaya tsawo, laimar ta riƙa karkata gefe guda, ɗan koyo ya ɗauka hannunsa ne bai iya ba. Gwanjon sanannen kamfani ya fi irin wannan sabuwar. Mai saye ya duba ɗinkin aljihunan ta ciki, ya duba ko ragama ta tsinke an ƙulla, ya kuma kara ƙyallen a baki ya hura: in iska na ratsawa da sauƙi, rana da gishiri sun cinye shi.

Kada a sayi mai igiya huɗu ba tare da maɗaurin wuyan hannu ba, wanda ke haɗe da igiyoyin birki. In ja ya fi ƙarfin mutum sai ya saki mariƙan igiyoyin da ke hannunsa, birki ya kama, laimar ta saki iska ta faɗo.

Tashi da ita

Ana ba iska baya. Sararin da laimar za ta iya yawo a gaban mutum shi masu wasan ke kira tagar iska. Tsakiyarta, kai tsaye inda iska ta nufa kuma ƙasa-ƙasa, nan ne ja ya fi tsanani. Saman kai da gefen dama da na hagu ja kaɗan ne, can ake ajiye ta a huta, ta gefe kuma ake sauke ta. Ɗan koyo kan fara da iska mai gudun kilomita 13 zuwa 25 a awa, yana zana lamba 8 a kwance a sama har hannu ya saba.

Kafin tashi a shimfiɗa laimar a danne gefen bayanta da yashi, a warware igiyoyi ana tafiya ta inda iska ke fitowa, a tabbata ba su sarƙe ba. Wurin ya zama fili fetal, domin iskar da ta ratso bishiyoyi ko gine-gine yamutsattsiya ce, takan ɗauke ta kuma dawo da fizga. A nisanci wayoyin lantarki, tituna, filin jirgin sama da hadari mai tsawa. Igiyar da ta ɗame tana yanka fata, saboda haka kada kowa ya tsaya tsakanin mai laima da laimarsa. Ba a ɗaure jiki da bishiya ko mota don a tashi sama, wannan ya sha karya mutane. Mai hawa keke ko allo ya sa hular kwano. Wasu ƙasashe sun ƙayyade tsayin da laima za ta kai, a Birtaniya mita 60 ne daga ƙasa sai da izini.

In an gama a kaɗe yashin da ya shiga aljihuna, a bar ta ta bushe sarai kafin a naɗe.