Hajiya, kafin ki toshe kunne, saurari minsharin maigida

Yawancin matan da ke kawo mana kukan minshari a nan Jidda sun riga sun nema wa kansu mafita. Wata ta koma ɗakin yara, wata auduga take cusawa a kunne. Akwai wadda ta ce ita na'urar sauraro take maƙalawa, ta kunna tsofaffin kaɗe-kaɗen Turai na taron masu goge da sarewa, irin waɗanda aka naɗa tun zamanin garmaho, har barci ya kwashe ta. Kiɗan akwai sanyi, ban ga laifinta ba. Sai dai kada a ƙure sauti don a danne minshari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce iyakar sautin da babba zai saurara ba tare da ya cutar da kunnensa ba ita ce desibel 80 (ma'aunin ƙarfin sauti) na awa 40 a mako, mai kwana da shi kullum kuwa zai iya zarcewa.

Amma roƙona shi ne, ki ba da dare ɗaya ki saurara. Idan minsharin yana tafiya bai ɗaya, da sauƙi. Abin tsoro shi ne ya yi ta ja, sai ɗif, ƙirji na motsi amma iska ba ta shiga, bayan daƙiƙa 10 ko fiye ya zabura da wani irin gurnani kamar an shaƙe shi. Naman maƙogwaro ne ya saki ya rufe hanyar numfashi. Wani sai ya yi haka sau 30 ko fiye a awa guda, gari ya waye bai sani ba, ya ma rantse shi ba ya minshari. Ke kaɗai ce shaida. Ki naɗa a waya, ki nuna masa ku biyu, ba a gaban yara ba.

Wannan ɗaukewar numfashi tana jawo hawan jini da ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Mai ita yana tashi da ciwon kai da bushewar baki, ya wuni yana gyangyaɗi. Alhaji, idan kana jigila tsakanin Jidda da Makka, wannan gyangyaɗin ba abin wasa ba ne.

Ƙiba ce kan gaba wajen kawo ta, musamman kaurin wuya, sai sigari da shisha da maganin barci. Mandi da kabsar tsakar dare, wato shinkafa da nama irin na Larabawa, ma ba sa taimakawa. A daina kwanciya rigingine, a koma gefe. Kada kuma a kai wa wanzami ya yanke beli, ba maganinta ba ne, jini kawai za a zubar. Mata ma suna yi, musamman bayan ɗaukewar al'ada, kunya ce ke hana su faɗa.

Likita zai sa a yi gwajin barci. Idan ta tabbata, akwai na'urar CPAP mai hura iska ta hanci, wadda aka fara amfani da ita a Ostareliya a 1980. Don neman shawara a kira 937, layin Ma'aikatar Lafiya.