Inshorar ajiya: me mai ajiya zai samu idan banki ya durƙushe?

Inshorar ajiya tanadi ne na doka: idan aka soke lasisin banki, za a biya kowane mai ajiya kuɗinsa zuwa wani adadi da aka ƙayyade. A Najeriya hukumar inshorar ajiya ta ƙasa, wato NDIC, ce ke ɗauke da wannan nauyi. An kafa ta a 1988, ta fara aiki a 1989.

Kuɗin da mai shago a kasuwar Sabon Gari ya kai banki a unguwar PZ ta Zariya ba ya kwana a ma'aji yana jiran sa. Wani kaso Babban Banki ke riƙewa, wani a ware wa masu cira yau da kullum, sauran a ba da bashi ko a sayi takardun lamunin gwamnati. Muddin masu bashi suna biya, lafiya lau. Idan basussuka suka maƙale, musamman waɗanda manyan bankin suka ranta wa kansu, jari yakan zaizaye. Da zarar jita-jita ta fita kowa ya garzayo neman nasa rana ɗaya, babu bankin da zai iya biya.

Mai ajiya ba ya biyan ko kwabo. Banki ne ke zuba wa NDIC kuɗin inshora duk shekara. A 2024 aka ɗaga adadin daga naira 500,000 zuwa miliyan 5 a manyan bankunan kasuwanci, ƙananan bankunan talakawa kuma daga 200,000 zuwa miliyan 2. Bankunan da ba sa ta'ammali da kuɗin ruwa, irin su Jaiz da TAJ, su ma suna ciki.

Inda mutane suka fi ruɗewa shi ne lissafin. Mutum ake ƙirgawa a kowane banki, ba asusu ba. Ɗan hatsin da ya sayar da masara ya tara miliyan 8 a asusu biyu na banki ɗaya, haɗe su za a yi a ba shi miliyan 5. Ragowar miliyan 3 sai an sayar da kadarorin bankin an karɓo basussuka, a riƙa biyan sa kaɗan-kaɗan, wani lokaci shekaru. Da ya raba su daidai a banki biyu, da duk sun tsira. Idan kuma bankin na bin sa bashi, sai an fara cirewa.

Da aka soke lasisin bankin Heritage ranar 3 ga Yuni, 2024, da lambar BVN aka gano asusun masu ajiya a wasu bankuna aka tura musu. Waɗanda suka sha jira su ne marasa asusu na biyu, da waɗanda ba a haɗa asusunsu da BVN ba, sai da suka cike takardu aka tantance su. Haɗa asusu da BVN gyara ne na wuni ɗaya, bai kamata a bari sai ta ɓaci ba.

Adashe, da ƙungiyoyin gama kai, da masu alkawarin ninka kuɗi a wata guda, duk ba sa cikin wannan tanadi. Kafin ka ajiye, duba tambarin NDIC a ƙofar banki, ko ka nemi sunansa a jerin da hukumar ke wallafawa.